Amsa ga ɗan ƙanwata kan al'adun aikin jaridar wasanni da nishaɗi

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na yi murna da jin an ɗauke ka a sashen wasanni da nishaɗi. Allah ya sanya albarka. Ka ce ranar da aka fara tura ka filin wasa ƙungiyarka ta ci ƙwallo, ka miƙe kana ihu, na kusa da kai suka bi ka da harara, bayan an tashi kuma wani ya hana ka ɗaukar hoto da ɗan wasa. Kana so ka ji ko doka ce ko girman kai ne na tsofaffin hannu, da kuma yadda za ka yi da kyautar da ake rabawa wajen ƙaddamar da fim.

Ba girman kai ba ne. Katin da aka rataya maka a wuya na aiki ne, kujerar kuma an ware ta ne don mai rubutu. A gefenka akwai masu sharhin rediyo da makirufo a buɗe, ihunka zai fita kai tsaye a gidajensu. Jami'an ɗaya ƙungiyar ma suna ganinka, gobe idan ka rubuta cewa ɗan wasansu ya cancanci jan kati, sai su ce ai magoyin baya ne ya rubuta. Abin ya wuce al'ada ma: a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024, sai da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta tsaurara ƙa'ida, har da barazanar ƙwace kati, saboda hayaniya da zagin da wasu 'yan jarida suka riƙa yi.

Kuma mai ihu ba ya ganin wasa. Ka isa fili awa biyu kafin a take, ka gwada soket da intanet. Takardar sunayen 'yan wasa takan fito kamar awa guda kafin farawa, ka bi ta suna bayan suna, ka daidaita kowane da lambar rigarsa. Ka ja layi tsakiyar shafin littafinka, kowace ƙungiya da ɓangarenta, duk abin da ya faru ka fara rubuta mintin kafin bayani. In an ci ƙwallo, abu huɗu kake nema cikin daƙiƙu kaɗan: minti, wanda ya ci, wanda ya ba shi, da inda harin ya faro. Na huɗun ne ke kuɓuce wa wanda ya miƙe tsaye. Idan ƙwallon ta taɓi mai tsaron baya kafin ta shiga, kada ka yanke hukuncin wanda ya ci, jira sanarwar masu gasar.

Rabin rahotonka a hutun rabin lokaci ake rubuta shi. Zuwa minti 75 ya kamata a ce saura sakin layin farko kawai, shi ma ka tanadi kala uku: nasara, canjaras, rashin nasara. Dalilin yana cikin wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1999 a Barcelona. Bayern Munich na kan gaba da ci ɗaya tun minti na 6, sai Sheringham da Solskjaer suka ci wa Manchester United biyu cikin mintunan da alƙali ya ƙara. Duk wanda buɗewa ɗaya ya shirya, daga farko ya koma, edita kuma na jira.

Batun hoto da neman sa hannu, sharuɗɗan katin manyan gasanni sun hana. Layin da 'yan wasa ke bi ta gabanku bayan wasa wurin minti ɗaya ne ko biyu, kuma ɗan wasa na iya wucewa bai ce uffan ba. Ka kunna rikoda kafin ya iso, ka riƙe gajerun tambayoyi biyu waɗanda ba a amsa su da e ko a'a. Wanda ka roƙa hoto yau, da wane ido za ka tambaye shi fenaretin da ya ɓarar gobe?

Kyauta ita ce ta fi damuna, domin a nan matasa suka fi zamewa. Ka raba kayan aiki da toshiyar baki. Kujerar kallon fim ɗin da za ka yi wa sharhi, ko kwafin waƙoƙin da za ka saurara, kayan aiki ne. Ambulan ɗin kuɗi, waya, ko ɗakin otal ga iyalinka wani abu ne daban, ko da an kira shi kuɗin mota. Baki in ya ci, ido kan ji kunya, kuma ba a ranar ake neman biya ba, sai ranar da fim ɗin furodusan ya fito ba daɗi. Ka tambayi edita ƙa'idar gidanku tun yanzu. In kamfani ne ya biya kuɗin tafiyarka, a faɗi haka cikin rahoton.

Idan aka nuna maka fim da sharaɗin kada sharhi ya fita sai rana kaza ƙarfe kaza, ka tabbatar agogon wace ƙasa ake nufi, don da yawa ta nan suke karya sharaɗin ba da niyya ba, a cire sunan gidansu daga gayyata. Maganar "kada ka buga" kuwa kafin majiya ta faɗa maka labarin ake ƙulla ta, a kuma fayyace: kada a buga sam, ko a buga ba suna? Wakilin ɗan wasa da ya raɗa maka cewa wata ƙungiya na zawarcin yaronsa, sau da yawa farashi yake ɗagawa da alƙalaminka. Nemi majiya ta biyu da ba ta da alaƙa da shi.

Mutuwa da rashin lafiya ba a rige-rige a kansu. Lokacin da tauraron ƙwallon kwando na Amurka Kobe Bryant ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu ranar 26 ga Janairu 2020, labarin ya bazu kafin hukuma ta sanar da iyalan mamatan, kuma 'yan sanda sun fito sun soki hakan. Ka kira kakakin ƙungiya ko manajan jarumin, ka rubuta lokacin da ka kira da abin da aka ce maka, kada ka saki komai sai iyali ko hukuma sun tabbatar. Ka gaida mahaifiyarka, ka kuma turo mini rahotonka na gaba in karanta.