Tsakanin Allo da Teburin Naɗi

Ka ce me ya sa nake bar maka shago duk Talata da Alhamis in tafi poli koyarwa, alhali naɗin moton lantarki guda mai ƙarfin doki ashirin ya fi abin da suke ba ni, kuma wai kai ma ko ka bi sahu idan ka gama ND ɗinka. To ajiye filayar nan, ɗana, jawo benci.

Batun kuɗi ka faɗi gaskiya. Wani lokaci ma sai zango ya ƙare ban ga ko kwabo ba. Abin da ya riƙe ni a can daban ne.

Duba moton nan da aka kawo jiya daga injin casar shinkafa na Kura. Kashi biyu na kwayil, wato wayar da aka naɗa a cikinsa, sun yi baƙi ƙirin, na ukun fes kamar yau aka naɗa shi. Tun ina yaron shago a Sharaɗa maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya nuna mini cewa in ka ga haka, layi ɗaya cikin layukan wuta uku ne ya ɗauke alhali moto na kan aiki. Shekaru na yi ina faɗa wa masu injina haka, ba a taɓa ƙaryata ni ba. Ranar da na ɗauki irinsa na kai aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa biyu suka ƙone ba ɗaya ba?" Wallahi sai na ji gumi yana bin bayana. Da dare na zauna da takarda na zana. Ashe idan haɗin sita ne, wato an haɗa wutsiyoyin kwayil ukun wuri ɗaya, layin da ya yanke kwayil ɗinsa ba ya samun wuta sam, sauran biyun su ke ɗaukar kayan uku har su toye. Idan kuwa haɗin delta ne, wato kowane kwayil yana tsakanin layuka biyu, guda ɗaya da ke tsakanin layukan nan biyu masu rai shi ke shan wahala, shi kaɗai za ka tarar ya ƙone. A shago babu mai tsare ka da irin wannan tambaya. Mai inji so yake kawai ya ji ƙara.

Su kuma yaran, lissafi a bakinsu kamar ruwa. Za su ce maka moto mai fol huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu, a wutarmu ta 50 Hz yana juyi 1500 a minti. Ka nuna musu farantin da ke jikinsa an buga 1440, sai su ce kamfani ya yi kuskure. Ba su taɓa jin warin banish da ya ƙone ba, ba su taɓa dafa bayan moto su ji ya fi ƙarfin tafin hannu ba. Saboda wannan giɓin ne hukumar ITF mai kula da horon aiki a masana'antu ta kawo SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, a 1973, amma wata huɗu ko shida me za su yi wa yaron da wani wurin aiken sayo abinci kawai ake yi masa?

Kada dai ka ɗauka abu ne mai sauƙi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, ni ma da kyar nake juya su a baki. Na rasa wani babban kwastoma a Challawa saboda injinsa ya tsaya ina tsakiyar duba jarrabawa, bai jira ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Kai kuwa, ban yarda ka riƙe alli yanzu ba. Gama ND, ka yi shekarar aikin nan da ake nema kafin HND a masana'anta ta gaske, inda za a tashe ka ƙarfe biyun dare famfo ya tsaya. Sai ka naɗa moto da hannunka ya ƙone, ka biya wayar daga aljihunka, sannan mu sake wannan magana.

Yanzu tashi ka ɗauko mega, mitar nan ta gwada ko kwayil na yoyon wuta, ka sa ta a bolt 500, ka gwada wancan da muka fitar daga tanda. In bai haura megom ɗaya ba, mayar da shi ya ƙara bushewa. Sannan ka kira mai casar nan ka ce ya duba fis ɗinsa kafin ya zo ɗauka.