Tambaya da Amsa: Da gaske ne ruwa na juya injin niƙa?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mai nikanika ne a Aboabo nan Kumasi. Yarona ya nuna min bidiyo a Facebook wai wani tsohon injin niƙa a ƙauyen Turai ruwa ke juya shi, ba lantarki ba gas. Gaskiya ne ko haɗi ne irin na 'yan intanet? In gaskiya ne me ya hana mu yi irinsa, don dumsor ɗin nan, wato yawan ɗauke wuta, ta ishe mu wallahi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba da kasuwa. Ba haɗi ba ne, kuma abin ya tsufa sosai. Bari in ba ka labarin guda ɗaya da ya fi burge ni, wato Barbegal, a karkarar kudancin Faransa kusa da garin Arles. Rumawa ne suka gina shi a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), sun janyo ruwa daga duwatsu ta magudanar da suka gina, suka sako shi a kan gangaren tudu, sannan suka jera manyan ƙafafun katako guda 16, takwas nan takwas can, ruwan da ya gama juya ta sama sai ya zubo kan ta ƙasa, haka har gindin tudun, ka ga ruwa ɗaya aiki takwas kenan. Masana sun ƙiyasta wajen tan 4.5 na garin alkama a rana.

Yadda yake aiki kai za ka fi kowa ganewa. Ƙafar tana da aljihuna a bakinta, ruwa ya cika su nauyi ya rinjaya ta juya, sandar tsakiyarta na da haƙora da ke kama wasu haƙoran, su kuma su juya dutsen sama. Na ƙasa ba ya motsi. Ana zuba hatsi ta ramin tsakiya gari na fita ta gefe. Kuma in dutsen ya yi santsi dole a tsaya a kuɗa shi, kamar dai yadda kake cire faranti ka kai a wasa maka.

Katakon duk ya ruɓe tuntuni, bango kawai ya rage, a 1937 aka fara tono wajen. Amma ruwan yankin na da farar ƙasa, ta daskare a jikin katakon ta ɗauki siffarsa, daga nan ne masu bincike suka gano ashe injin na tsayawa na wasu watanni a shekara, shi ya sa wasu ke ganin garin na busasshen burodin matuƙan jirgin ruwa ne. Su ma dai suna da ranakun zaman banza, ba kai kaɗai ba. A Ingila kuwa ƙidayar 1086 ta samu irin waɗannan injina fiye da 5,000.

To batun mu yi namu. Gaskiya ni ban ga ta inda za a ɓullo a cikin Kumasi ba. Abin na son gangare da ruwa mai gudu rani da damina, kai kuwa ka san rafin Aboabo, da damina ambaliya da rani ledoji. Sannan shi busasshen hatsi yake niƙa, alhali rabin kwastomominka jiƙaƙƙiyar masara suke kawowa ta koko da dokunu, ga masu barkono da tumatir, wannan dutsen ba zai yi musu ba.

Amma fa kar ka ɗauka ruwa ba ya maka aiki. Dam ɗin Akosombo da aka gama a 1965 dabarar ɗaya ce, ruwan Volta na faɗowa ya juya injina 6, sai dai wuta suke bayarwa maimakon gari, ga kuma dam ɗin Kpong da na Bui. Yanzu kam mafi yawan wutar Ghana daga tashoshin da ke ƙona iskar gas take, shi ya sa ko dam ya cika ana iya ɗauke maka. In kana da hali ka ajiye injin gas ko da na hannu ne, tun da masu koko ba sa jiran a kawo wuta.