Karatun gaba da digiri a nazarin Yahudawa: wa zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a Larabci da tarihi, ina sha'awar zurfafa bincike kan tarihin Yahudawa. Ana karɓar wanda ba Bayahude ba? Kuma ina ake samun tallafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana karɓa mana. Jami'a ba makarantar horar da malaman addini ba ce, ba a tambayarka aƙida. Fanni ne da ya haɗa tarihi, harsuna, adabi, falsafa da shari'a, kowa kuma da ƙofar da yake shigowa.

Taka ƙofar ita ce Larabcin nan, kada ka raina shi. Yahudawan ƙasashen Musulmi sun daɗe suna rubuta Larabci da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda muke rubuta Hausa da ajami. Haka Musa bin Maimun, shahararren malamin Yahudawa, ya rubuta littafinsa Dalalatul Ha'irin. A 1897 Solomon Schechter ya kai tarin takardu daga majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra da ke tsohuwar Alƙahira zuwa Kambirij, guntaye wajen 190,000: wasiƙun fatake, takardun aure, rasitai, ƙararraki. Baƙaƙen Ibrananci 22 ne kacal. Ranar da ka haddace su, sai ka ga kana karanta wasiƙar wani falke mai kukan tsadar kaya, da Larabcin da ka sani. Kama hannun marubutan ne aikin shekaru.

Wurare kuwa, Okisfod na da mastas na shekara guda, da cibiyar nazarin Ibrananci tun 1972. Akwai kwalejin nazarin Yahudawa ta Heidelberg a Jamus, da makarantar Rothberg ta Jami'ar Ibrananci a Ƙudus mai koyarwa da Turanci.

Sai batun kuɗi. A ganina digirin dakta a Amurka ya fi sauƙin samun tallafi, domin manyan jami'o'i irin su Princeton da Pennsylvania kan yafe kuɗin makaranta su ba da alawus kimanin shekara biyar. Mastas ne mai wuya. A Ingila ka nemi tallafin karatu na Clarendon, Gates Cambridge ko Commonwealth. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya sai mai shekara biyu yana aiki. A Jamus, hukumar tallafin karatu ta DAAD. Yawanci akan rufe tsakanin Oktoba da Janairu, saboda haka ka fara shiri tun da damina.

Abin da ke kayar da mutane shi ne su rubuta "ina son nazarin Yahudawa" su tsaya nan. Kama abu guda. Ga misali a ƙofar gida: Shaihu Maghili ya jagoranci rusa majami'ar Yahudawan Tuwat, a hamadar Aljeriya ta yau, wajen 1492, shi ne kuma ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Fatawoyin da malaman Magrib suka yi musaya a kan wannan rikici suna nan da Larabci. Tsara bincikenka a kansu, ka rubuta wa farfesan da kake so ya duba ka kafin ka cika fom, ka kuma fara koyon Ibrananci tun yau.