Tsohon layin dogo a bakin kogi: yaya yake zama hanyar keke da tattaki?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na ga hotunan wata hanya a Amurka da ake kira Katy, tana bin gefen wani babban kogi, mutane na tafe a kanta da ƙafa, wasu a kan keke. Aka ce mini a da layin jirgin ƙasa ce. Da jirgi ya daina bi, me ya hana a mayar wa masu gonakin gefe filinsu? Sannan na haura shekara 60, gwiwa tana damuna, amma ina son keke. Irin wannan hanya za ta yi wa irina? Kogin ba ya cinye ta?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bari in fara da batun gwiwa, don a nan labarin ya fi daɗi.

Jirgin ƙasa ba ya son hawa. Tayarsa ƙarfe ce, dogon ma ƙarfe ne, kuma ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi. Santsin nan ne ke sa kan jirgi ɗaya ya ja taragu masu yawa ba tare da wahala ba, shi ne kuma ke sa tayar ta riƙa zamewa da zarar an zo tudu. Shi ya sa a manyan layuka ba kasafai hawa ke wuce kashi 2 cikin 100 ba, wato ka yi tafiyar mita 100 ka ɗaga sama da mita 2 kacal. Titin mota a tsakanin duwatsu yakan ninka haka sau uku ko huɗu. To injiniyan da aka ce ya ratsa ƙasa mai tuddai da dogo, ina zai sami sauƙi? Sai ya bi kogi. Ruwa ya riga ya yi masa aikin, ya shekara dubbai yana sassaƙe duwatsu yana neman gangara mafi sauƙi. Inda kwarin ya yi ƙasa da yawa sai a yi ciko, inda tudu ya tsaya sai a yanke shi, inda dutse ya ƙi sai a huda shi.

Wannan gadon ne mai keke yake ci a yau. Akwai wata hanyar mai kimanin kilomita 240 daga Pitsbag zuwa Kambalan, ita ma a Amurka, wadda mafi yawanta tsohon dogo ne. Tana tsallake tsaunukan Aligeni, amma hawanta mafi tsanani bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kwanoninta ma buɗaɗɗu ne, tun da jirgi ba ya shan kwana kamar mota. Ita Katy da ka gani ta fi haka shimfiɗa: kimanin kilomita 386 ce a jihar Mizuri, fiye da rabinta a gaɓar Kogin Mizuri.

Sai dai akwai abin da mutane ba sa lura da shi sai sun hau. Inda babu hawa, babu gangara, ke nan babu inda za ka saki feda keke ya tafi da kansa. Ƙafa tana aiki tun daga fari har ƙarshe, ga iskar bakin kogi da in ta fuskance ka sai ka ji kamar tudu kake hawa. Ga mai ciwon gwiwa shawarata ita ce a sa giyar keke mai sauƙi, sirdi a ɗage yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka, kuma a fara da gajeren zango. Likitanka shi ya san gwiwarka, ni hanya na sani.

Batun fili kuwa, ka taɓo inda aka fi yin rigima. A wurare da dama a Amurka kamfanin jirgi bai mallaki ƙasar ba, izinin wucewa kawai ya samu. Idan ya yi watsi da layin, izinin ya mutu, filin ya koma hannun masu gonakin da ya ratsa. Layi guda sai ya tsinke gida ɗari. Wannan ya noma nasa, wancan ya yi gini, an rushe gada an sayar da ƙarfen. Kuma sake haɗa irin wannan doguwar tsirin ƙasa bayan ta warwatse abu ne da kusan ba ya yiwuwa, ko nawa aka ware.

A 1983 majalisar dokokin ƙasar ta yi wa dokar hanyoyin tattaki ta 1968 gyara, ta shigo da abin da za mu iya kira ajiyar layi. A idon doka layin ba a yi watsi da shi ba, an dai jingine shi ne. Jiha ko ƙaramar hukuma ko ƙungiya ta karɓa, ta ɗauki nauyin kula da shi, jama'a su yi amfani da shi, da sharaɗin in wata rana aka buƙaci jirgi za a iya mayar da dogo. Masu filaye sun kai ƙara, a 1990 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta halatta, amma ta bar musu ƙofar neman diyya daga gwamnatin tarayya, kuma da yawa sun nema sun samu. Ni ban ga laifinsu ba. Wanda kakansa ya yarda jirgi ya wuce ta bayan gidansa bai yi alkawarin baƙi za su riƙa wucewa kullum a kan keke ba. Kaɗan ne dai daga cikin layukan da aka jingine jirgi ya sake bi.

A Birtaniya abin ya zo ta wata fuska. Rahoton 1963 na Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta ƙasar a lokacin, ya ba da shawarar rufe dubban mil na dogo da tashoshi sama da 2,000. Daga cikin layukan da suka mutu a wancan zamani akwai wanda ya bi Kogin Kamel a yankin Konwal zuwa garin Padsto, wanda yanzu hanyar keke ce mai kimanin kilomita 29.

Aikin mayarwar ba cire ƙarafa ba ne kawai. Katakon da ake shimfiɗa dogo a kai an jiƙa shi da maganin hana ruɓewa mai guba, dole a kwashe shi da kula. Manyan tsakuwan ƙarƙashin dogo ba sa takuwa, keke ma ba ya bin su, sai a daddaɓe su a zuba niƙaƙƙen dutse a kai, ko kwalta. A Katy niƙaƙƙen farar ƙasa aka zuba: da rani yana tauri kamar daɓe, bayan ruwan sama kuwa yana laushi ya riƙe taya, don haka taya mai ɗan faɗi ta fi. Gadoji su ke cin kuɗi. Ƙarfinsu ba matsala ba ne, abin da ya ɗauki jirgi ba zai ji nauyin keke ba, amma sai an yi musu daɓe da makari a gefe, an riƙa duba tsatsa da ginshiƙan da ke cikin ruwa. Hanyoyin cikin dutse kuma duhu ne da ɗigar ruwa. A hanyar Elroy zuwa Sparta ta jihar Wiskonsin a Amurka, wadda ake lissafawa cikin na farko tun shekarun 1960, akwai irinsu guda uku, kuma sai ka sauka ka tura kekenka da tocila a hannu.

Ka tambaya ko kogi yana cinye ta. Yana ci kuwa. Katy kanta ambaliya ce ta haife ta: ruwan 1986 ya lalata dogon, kamfanin ya ga gyara ba riba, ya janye jiragensa daga layin. Aka buɗe sashen farko ga jama'a a 1990 kusa da garin Roshfot. Shekara uku bayan haka babbar ambaliyar 1993 ta zo ta wanke wurare masu yawa, aka koma gyara. Duk mai ce maka irin wannan hanya arha ce saboda jirgi ya riga ya gina ta, bai lissafa kogin ba. Kamfanin jirgi yana da ma'aikata masu bin layi suna yashe kwalbatoci da magudanai. Ranar da suka tafi, aikin bai tafi da su ba. Kwalbati ɗaya ta toshe da itace da laka, ruwa ya taru a bayan cikon, sai ya ɓalle ya bar rami a tsakiyar hanya. A lanƙwasar kogi ta waje kuma ruwa yana cin gaɓa daga ƙasa, sama tana nan kamar lafiya.

Saboda haka kafin ka fita, duba sanarwar hukumar da ke kula da hanyar, musamman bayan ruwa mai yawa. In ka tarar da shinge an rubuta an rufe, juya. Ruwan da ya rufe hanya yana ɓoye ramin da ya haƙa, kuma lakar da ambaliya ke bari tana da santsin sabulu. Ka ɗauki ruwan sha da abin facin taya, don tsakanin wata tsohuwar tasha da ta gaba sai ka yi kilomita goma sha ba ka ga gida ba, kogi a hannu ɗaya, bangon dutse a ɗaya.