Motar Lantarki Ko Ta Fetur: Alhaji, Ina Littafin Man Naka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari. Tun da aka cire tallafin mai, fetur ya hana ni sakat, a wata ina kashe kusan N250,000. Zirga-zirgata gida zuwa kasuwa ce da kai yara makaranta, ba ta wuce kilomita 40 a rana, sai Kaduna sau ɗaya a wata. Ƙanin mai ɗakina da ke yi mini sayayya a Chaina ya ce zai turo mini motar lantarki ta hannu a kan naira miliyan 22 har ta iso Kano, kuma caji ɗaya tana cin kilomita 400. Ina so in sayar da Korolata miliyan 9, in ciro miliyan 13 daga shago in cika. A lissafina zan tsira da miliyan 3 duk shekara, shekara huɗu kuɗina sun dawo. In ta karɓe ni, sai in ƙaro biyu in ba direbobi su yi haya. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A duk alƙaluman da ka aiko, babu ko ɗaya da ka auna da hannunka. N250,000 ɗin "kusan" ce. Kilomita 400 ɗin maganar mai sayarwa ce da ta biyo ta bakin surukinka. Kuɗin wuta kuwa ba ka ma ambace shi ba, ka ɗauka kyauta ne. Kai da ba ka yarda yaron shago ya yanka yadi biyar da ido ba tare da awo ba, ka zo za ka ciro miliyan 13 daga jari a kan ƙiyasi.

Mu fara da man naka, domin a nan maganar ta fara karyewa. Kilomita 40 sau kwana 26 ya ba da 1,040. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. Jimilla kilomita 1,500 a wata. Korola mai lafiya, a cikin cunkoson gari da esi a kunne, ba ta wuce lita 10 a kilomita 100. Lita 150 ke nan. A ɗauka lita N900 ce, ka sa farashin ranar da kake karantawa in ya canza, kuɗin ya kama N135,000. To ina sauran N115,000 suke tafiya? Ko dai janaretan gida ne ke sha kana ɗora wa mota laifi, ko mai kai yara makaranta yana ɗan biyawa ta wani wuri, ko ana aiken yaro da kuɗin lita 20 ya sayo 15, ko kuma motar ce ke da ciwo. Duk cikin huɗun nan, motar lantarki ba ta maganin uku, na huɗun kuma bakanike zai gyara shi da kuɗin da bai kai na turmin shadda mai kyau ba.

Sai kuɗin wuta. Ƙaramar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 16 a kilomita 100, kuma wajen caji ana asarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a waya da caja, saboda haka mitarka za ta cinye wajen yunit 18. In gidanka yana layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa N225 a Afrilun 2024 daga baya aka ɗan sauko da shi, ka lissafa yunit a N210. Kilomita 100 ta tashi kusan N4,000, a maimakon N9,000 na fetur. Rarar N5,000 ce, kuma gaskiya ce, ba wanda zai musa. A kilomita 1,500 ka tsira da N75,000 a wata, N900,000 a shekara. Ƙara abin da ba za ka ƙara kashewa ba a baƙin mai, filta, fulogi da makamantansu, mu ce ka kai miliyan ɗaya. Miliyan 13 ɗinka sai bayan shekara 13, ba huɗu ba, kuma batirin motar da ka saya ta hannu ba zai jira ka shekara 13 ba. Wancan kuɗin kuwa in ka bar shi a shago ka juya shi sau huɗu kacal a shekara da ribar kashi biyar cikin ɗari, miliyan 2.6 ne. Ka ga ka bar biyu da rabi don ka kama ɗaya.

Wannan ma lissafin mai wuta ne. Band A alƙawarinsa awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4, kuma kowa ya san tsakanin alƙawari da abin da ke zuwa akwai tazara. Cajar da ke biyo mota, wadda ake sokawa a soket ɗin bango, tana jan wajen kilowat 2. Kilomita 40 ɗinka na rana yunit 7 zuwa 8 ne, awa huɗu na wuta mai ƙarfi da daddare ya isa. Amma ka cika batiri mai yunit 45 daga ƙasa da wannan caja, sai ka ba shi sama da awa 20. Cajar bango mai kilowat 7 tana yi a awa shida zuwa bakwai, sai dai tana jan amfiya 32, tana bukatar layinta daban tun daga mita, waya mai kaurin milimita 6, bireka tata da na'urar yanke wuta in ta zuba, da wayar ƙasa ta gaske da aka binne sandarta. Yawancin gidajenmu babu wannan ta ƙarshen, kuma caja da yawa in ba su ji ta ba ƙin aiki suke yi. A soka ta a ekstenshan na kasuwa, soket ya narke. A unguwar da tiransifoma ta yi wa mutane kaɗan, ƙarfin wuta ya faɗi da magariba, caja ta yi ta yankewa, ka tashi da asuba ka tarar ko rabi ba ta sha ba.

In ka ce ai akwai janareta, nan ne abin dariyar. Ƙaramin janaretan fetur in ya yi ƙoƙari yana ba da yunit 2 a lita. Yunit 18 lita 9 ke nan. Ka zuba lita 9 a janareta don ka guje wa zuba lita 10 a mota, ga hayaniya ga gyaran inji. Sola ta fi hankali, amma ita ma da sharaɗinta: rana tana fitowa ne lokacin da motarka ke fake a bakin kasuwa. In za ka tara wutar rana ka zuba wa mota da dare, sai ka sayi batirin gida da inbata mai ɗaukar nauyin, wasu miliyoyin ke nan da ba su cikin lissafinka. Kar kuma ka manta Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace aka shafe sama da mako guda a duhu. Mai Korola ya bi layi a gidan mai ya wuce. Mai motar lantarki da ba shi da sola sai ya nemi Adaidaita.

Yanzu kilomita 400 ɗin. Ba na zargin surukinka da ƙarya, wataƙila abin da aka rubuta ya karanto maka. Amma motocin kasuwar Chaina ana rubuta musu nisa ne da ma'aunin da ake kira CLTC, wanda ake yi da tafiyar sannu, ba esi, kuma a sabon batiri. A titi na gaske ka cire rubu'i zuwa sulusi, 400 ta koma 270 zuwa 300. Mota ta hannu da lafiyar batirinta ta sauko kashi 80 cikin ɗari, ta koma wajen 230. A babban titi da gudun 110 da esi a zafin Afrilu ta ƙara raguwa, domin ita motar lantarki a gudu take cin wuta, a cikin gari take sauƙi, akasin ta fetur. Kuma ba mai hankalin da zai ƙarar da batiri tas a hanya. Abin da ke hannunka bai fi 200 ba, Kaduna kuma 230. Tashoshin caji na jama'a har yanzu ƙalilan ne, galibinsu a Legas da Abuja, ba abin da za ka dogara da shi ba ne a tsakanin Kwanar Dangora da Zariya.

Asarar da aka fi yi a wannan harka iri ɗaya ce. Mutum ya ga hoton mota a WhatsApp, fenti na sheƙi, kujeru kamar ba a taɓa zama ba, ya tura kuɗi. Mota ta iso, sai a tarar tasi ce da ta yi shekaru tana shan cajin gaggawa sau biyu a rana, ko tsohuwar Nissan Leaf ce wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya shi, zafinmu ya ƙarasa shi. Leaf tana nuna lafiyar batiri da sanduna 12 a gaban direba, mai takwas ta riga ta rasa kusan sulusin ƙarfinta. Garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 da kamfanoni suka saba bayarwa ba ya biyo motar da ɗan uwa ya loda a kwantena. Sabon batiri miliyoyi ne, kuma jigilarsa daban take domin kaya ne mai haɗarin gobara. Daga nan mota ta zauna a gareji an lulluɓe ta, zumunci kuma ya yi tsami, domin ba ka iya kai ƙanin matarka kotu ka dawo gida ka ci tuwo lafiya.

Saboda haka in har maganar za ta ci gaba, kar kobo ya fita sai an turo maka bidiyo guda marar yanka da ke nuna lambar shasi, sannan a jona na'urar gwaji a nuna SOH, wato kason lafiyar batiri, da bambancin ƙarfi tsakanin ƙwayoyinsa. Ƙasa da 85 cikin ɗari, ka haƙura. Ka tambayi irin batirin: LFP, irin wanda kamfanin BYD na Chaina ke sawa, ya fi jure zafi da cikawa har baki, kuma ka nemi mai sanyayawa da ruwa. A ɗaga motar a nuna maka cikinta, domin batirin a ƙasa yake shimfiɗe, lotsewa ɗaya daga dutse ko tudun rage gudu ta isa ta jawo matsala, haka ma alamar ta taɓa nutsewa a ruwa. Bakin caja ma abin dubawa ne: na Chaina GB/T ne, na Turai CCS2, na Leaf CHAdeMO, ba sa shiga juna sai da adafta mai tsada. Allon wasu motocin da yaren Chaina kaɗai yake, manhajar wayarsu kuma ba ta aiki sai da lambar can. Wanda zai yi gwajin ya zama wani daban da kai ka biya, ba mai cin kamasho a cinikin ba, ko da ɗan uwa ne. A rubuta kuma wa zai ɗauki asara in abin da ya iso ya saɓa wa bidiyon.

Kafin nan ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa da sunan motar a takarda. Tambayi fitilar gaba, gilashi, bamba, shokozoba da kwamfuresar esi. Na Korola za a miƙo maka kafin ka zauna. In na waccan aka ce sai an yi oda, to duk ɗan gugar Adaidaita wata biyu ne a ajiye. Ka nemi kuma wanda zai taɓa ta. Batirin yana ɗauke da wuta wajen bolt 400, wayoyi masu ruwan lemo ba na rewayan bakin titi ba ne, suna kisa. Sai ranar sayarwa. Ɗan kasuwa motarsa ma ajiya ce: kaya su iso gab da Sallah, kuɗi su yanke, ka kira dillali Korola ta tafi kafin la'asar. Motar lantarki ta hannu, mai sayenta zai yi maka duk tambayoyin da na yi maka yanzu, sannan ya taya rabin kuɗi.

Maganar ƙaro biyu don haya kuwa ka ajiye ta tukuna, ba ka ga ta farkon ba ka fara ƙirga ribar ta uku. Gaskiya ne motar haya ce ta fi cin moriyar lantarki, domin mai yin kilomita 200 a rana yana iya tsira da N10,000 kullum. Amma motoci uku, taka da biyu na haya, suna neman wajen yunit 80 duk dare, wanda mitar gida ba ta ɗauka, kuma duk daren da ba wuta direba ba zai kawo balas ba. Tasi masu lantarki da gwamnatin Borno ta fito da su a Maiduguri a ƙarshen 2023 tsari ne na motoci da yawa da wurin cajinsu. Wanda wannan mota ta dace da shi shi ne mai yawan tafiya a cikin gari, mai tsayayyar wuta ko babbar sola a inda motar ke yini, mai wata motar fetur ta tafiyar nesa, wanda kuma ba daga jari zai ciro kuɗin ba. A cikin huɗun nan ban ga wanda wasiƙarka ta tabbatar ba.

Ga abin da za ka yi. Sayi littafi ka ajiye a mota na wata biyu. Cika tanki har baki, rubuta lambar da mitar tafiya ke nunawa. Duk shan mai ka rubuta rana, lita, kuɗi, lambar mita da wanda ya sayo. Man janareta a shafi daban, kuma a daina zuƙo shi daga tankin mota. A gida wani ya riƙa rubuta awa nawa wuta ta zauna tsakanin goma na dare da shida na safe. In Korola ta fito da fiye da lita 11 a kilomita 100, a duba fulogi, filtar iska, na'urar da ke auna hayaƙi da iskar tayoyi. In bayan haka har yanzu man ya yi maka yawa, ka tambayi kuɗin mayar da ita mai amfani da gas ɗin CNG, muddin akwai tashar da ke kan hanyarka kuma ba ta yankewa, ko ka duba Toyota mai haɗa inji da batiri irin Prius, wadda ke shan lita 5 zuwa 6 a gari ba tare da ta nemi soket ba. Ka turo mini shafukan wata biyun, da hoton takardar kuɗin wutarka mai nuna layin da kake, sai mu sake lissafin da alƙalumanka.