Amsa ga mai tambaya kan kwaɗayin zaƙi da tsokar ciki

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kullum kana atisayen ciki, ka rage abinci, amma teɓa ta ƙi sauka, ga kwaɗayin zaƙi yana damunka da dare, shi ne kake tambaya ko sukari ne ya hana cikinka fitowa gida-gida. Na daɗe ina ɗaga ƙarfe, kuma na ga mutane da dama cikin irin wannan hali.

Tsokar da kake nema tana nan a jikinka tun tuni, kitsen ƙarƙashin fata ne ya rufe ta. Atisayen ciki yana ƙara mata kauri da ƙarfi, amma ba ya narkar da kitsen da ke samanta. Jiki daga ko'ina yake ɗibar kitse, ba daga wurin da ka motsa kawai ba, kuma a wajen maza da yawa na ƙasan cibiya ne ke tafiya a ƙarshe. Sai abin da kake ci ya gaza abin da jiki ke ƙonawa, mako bayan mako, sannan layi zai fara bayyana.

To a nan sukari yake yi maka ɓarna, domin shi ba ya sallama in zai shiga. Cokalin shayi ɗaya kimanin giram 4 ne, kowane giram kuma kalori 4, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da wajen giram 35, kusan cokali tara ke nan, kalori 140. Ka shanye shi a tsaye, ka zauna ka ci abincinka cif kamar ba ka sha komai ba, don abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa. Atisayen ciki na minti goma da ƙyar zai ƙone rabin wannan. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kusan giram 50 ga baligi, in da hali ma a tsaya a giram 25, cokali shida. Gwangwani ɗaya ya riga ya haye wannan na biyun.

Wanda ka zuba da hannunka ma da sauƙi, ka san da shi. Na ɓoyen ne ke kayar da mutane. Wani abokin atisayena ya yi ta rantsuwa ya bar sukari, yana maganar yana shan yogot mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, an rubuta masa "marar kitse" da manyan haruffa. Na karɓi robar na juya bayanta, sai ga sukari shi ne na biyu a jerin kayan haɗi. Jerin nan kuwa bisa nauyi ake tsara shi, mafi yawa shi ke gaba. Ka riƙa duba sunayen sukari na Turanci da ke ƙarewa da haruffan "ose", irin su glucose, fructose da maltose, da kuma kowane irin sirof (syrup). Suna nan a hatsin karin kumallo na kwali, burodi, lemon 'yan wasa, har da kecap, miyar tumatir ta kwalba, wanda babban cokali ɗaya yake da kusan giram 4. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse su ma hukumar ta sa su cikin wannan lissafi, duk da mutane ba sa son jin haka. Amma ɗan itacen da ka ci da tsokarsa ba ya ciki, harzarsa tana rage saurin shigar sukarin cikin jini, tana kuma cika ciki.

Batun kwaɗayin dare kuwa, ina zargin rage abincin nan naka ne. Wanda ya wuni da yunwa, komai ƙarfin zuciyarsa, da dare sai ya nemi zaƙi. Ka sa furotin a kowane ci, ƙwai ko kifi ko nama ko wake, da ganye mai yawa, za ka ga kwaɗayin ya ragu da kansa. Sannan barci. Ƙarancinsa yana ɗaga sinadarin girelin mai tayar da yunwa, ya rage leftin mai sanar da ƙoshi. Ni dai duk ranar da na yi ƙarancin barci, kafin la'asar idona yana kan biskit.

Kada ka ce za ka yanke zaƙi gaba ɗaya, masu yin haka kwana kaɗan suke dawowa su rama har da riba. Fara da abin sha: mako biyu ruwa da shayi marar sukari. In kana son alewa ko kek, ci kaɗan bayan abinci, ba da cikin yunwa ba, kuma kada ka ajiye su kusa da gado. Ka haɗa da atisayen manyan tsokoki, ƙafafu da baya da ƙirji, da tafiya mai sauri. Sai ka riƙa auna ƙugunka da tef daidai cibiya, sau ɗaya a mako da safe, don sikeli yana hawa da sauka saboda ruwan jiki. In kuwa kana shan maganin ciwon suga, fara ganin likitanka kafin ka sauya cima.