Me Ya Sa Ɗigon Mars Ba Ya Sauri Kusa da Rana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina ƙoƙarin zana yadda duniyar Mars ke kewaya rana a Desmos, manhajar zana jadawalin lissafi. Na rubuta x = a cos t da y = b sin t, na matsar da rana gefe kamar yadda aka koya mana, hanyar ta fito tsaf. Amma da na kunna t, sai na ga gudun ɗigon iri ɗaya ne kusa da rana da nesa da ita, alhali an ce kusa ya fi sauri. Ina gizo ke saƙar? Daga wani ɗalibin kimiyya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Zanenka lafiyarsa ƙalau. Wannan t ɗin ne ya yaudare ka: ka ɗauke shi lokaci, shi kuwa kusurwa ce da ake aunawa daga tsakiyar zanen. Lissafin da ka rubuta bai ma san akwai rana ba. Ko ina ka ajiye ta, ɗigon zai bi da ƙarshen nan biyu da gudu ɗaya.

Ka fara tabbatar da wurin ranar. Ba da ido ake matsar da ita ba. Nisanta daga tsakiya shi ne a × e, inda harafin a ke nufin rabin tsawon hanyar, e kuma ke nuna yadda da'irar ta miƙe. Na Mars 0.093 ne, na duniyarmu 0.017. Shi kuma b, wato rabin faɗin hanyar, ka samo shi daga a√(1 − e²). In ka yi haka za ka ga hanyar Mars kusan da'ira ce sak, gajeren ɓangarenta bai gaza dogon da ko kashi 1 cikin 100 ba. Hotunan da ke zana ta kamar ƙwai ƙarin gishiri ne, kuma ni dai ba na son su. Abin da ke fitowa fili shi ne kaucewar ranar: kilomita miliyan 207 idan Mars ta matso, miliyan 249 idan ta yi nisa.

Maganar gudu kuwa, masanin taurari Johannes Kepler ya warware ta a 1609, bayan ya sha fama da ma'aunan da Tycho Brahe ya tara. Dokarsa ta biyu ta ce layin da ya haɗa rana da duniyar da ke kewaya ta yana share fili daidai wa daida a lokaci daidai. Idan layin gajere ne, dole ta ƙara wuta kafin ta cike filin. Daga nan aka samu M = E − e sin E. Wannan M shi ne agogo, yana tafiya ba sauri ba jinkiri daga 0 zuwa 2π a kwana 687 na shekarar Mars. E kuma shi ne t ɗinka na dā.

Matsalar ita ce ba a iya juya lissafin nan a fitar da E kai tsaye, sai da lallaɓa. Ka sa M ya zama abin da kake kunnawa. Ka rubuta E₁ = M + e sin M, sai E₂ = M + e sin E₁, sai E₃ daga E₂. Ga Mars, uku sun wadatar. Ɗigonka ya zama x = a cos E₃ − ae, y = b sin E₃, rana kuma ta zauna a sifili, wato inda x da y duk sifili ne. Ka duba manhajar tana auna kusurwa da radiyan, don digiri zai ɓata komai.

Kada ka yi tsammanin abin mamaki nan take. Mars na gudun kilomita 26.5 a daƙiƙa a kusa, wajen 22 a nesa, ido ba ya saurin kama wannan. Ka ɗaga e zuwa 0.5, ka ƙara matakan su kai goma, za ka ga gudun kusa ya ninka na nesa sau uku. Abin da na fi so ma shi ne a ba M jerin lambobi masu tazara ɗaya maimakon a kunna shi: ɗigogin sai su cunkushe a can nesa, su warwatse kusa da rana, ka ga dokar a tsaye ba motsi.

Tauraro mai wutsiya na Halley, wanda ya leƙo a 1986 kuma ake jiransa a 2061, e ɗinsa 0.967 ne. A nan dabarar maimaitawar tana jan ƙafa ƙwarai, sai ka koma hanyar Newton ta kusantar amsa, wadda ke isa da matakai kaɗan.